Hagun Nasiru

Tunda kun ce aikina zaman kujera ne, to ku ma ku gyara zama. Jiya a shagon aski na ji ɗayanku yana cewa wai Kawu Habu ya more, ana biyansa ya je fili ya kalli yara suna jifa, ya ɗaga wata 'yar na'ura kamar ta busar da gashi, ya karanta lamba, ya dawo gida. Wai ko shi aka miƙa wa na'urar, gobe zai fara. Ban tanka ba, don reza tana wuyana. Yau babu reza.

Ga waɗanda ƙwallon ƙafa kaɗai suka sani a cikinku, ga yadda besbol take. A tsakiyar fili akwai ɗan tudu. Mai jifa zai hau kai, ya jefa ƙwallo mai tauri, girman lemon zaƙi, zuwa ga abokinsa da ke tsugune da safar fata a hannu. A tsakaninsu abokin hamayya yana tsaye da kulki, yana so ya make ta. Aikin mai jifa shi ne ya hana shi. Nawa aikin kuma in kalli yaro ɗan sha shida ko sha bakwai a kan tudun nan, in gaya wa masu kulob ko masu kwaleji yadda zai zama in ya cika mutum. Yadda yake yau kowa yana gani, har mai sayar da askirim a bakin fili. A sana'ar ana ce wa irinmu karen farauta. Mu ne muke shinshinowa mu nuna, wani babba ya zo ya yanke hukunci. Sunan bai taɓa ɓata mini rai ba.

Aikin farko da na tuna, ban ma san aiki ne ba. Lokacin ina jan tasi, ban daɗe da zuwa daga Kano ba, aka turo ni in ɗauki wani tsoho ɗan Dominika a unguwar University Heights, nan Bronx. Sunansa Nando. Ya fito da kujerar naɗewa da hular kaba da wata jaka da ta tsufa har ta gaji. Likita ya hana shi tuƙi, ciwon suga ya taɓa masa ƙafa. Ya ce in kai shi wani fili a Brooklyn in jira shi. Na jira a mota har na ƙosa, na fito na tsaya a bayansa. Bai ko juyo ba ya ce, “Me ka gani?” Na ce na ga yaro yana jifa da ƙarfi. Ya ce, “To ba ka ga komai ba. Gobe ka zo da wuri.”

Haka na zama direbansa, na zama yaron aikinsa da furfurar farko a gemuna. Tsohon nan ya gana mini azaba. Kakar wasa guda cur ya sa ni riƙe kwali a gaban idona, in tare rabin yaro na sama, in kalli ƙafafu kawai: inda yake dasa ta baya, yadda ta gaba take sauka, ko tana sauka wuri ɗaya kullum ko yau nan gobe can. Mutane suna wucewa suna kallona kamar mai taɓin hankali. Da ya ga na fara ganewa sai ya ƙara mini ƙugu. Hannu shi ne na ƙarshe. Yakan ce hannu ɗan aike ne, abin da ƙasa da ƙugu suka ba shi, shi yake kaiwa. Bayan wannan sai ya juya mini kujera, bayana ga fili, ya ce in saurara. Ƙwallon da aka tura da wahala tana faɗawa safa da wani luf. Wadda take da rai kuwa ƙararta daban, tas, kamar an karya busasshen kara. Wallahi har yau ko ina tuƙi gilashi a buɗe na ji wannan ƙarar, sai na taka birki.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai na'urar da kuke raina wa, muna ce mata bindiga, ita ke auna gudun ƙwallo. Akwai agogon dannawa, akwai kujera, akwai hula, don rana a filayen Bronx ba ta da mutunci. A but ɗin motata kuma kullum akwai safa biyu, ɗaya ta mai jifa da dama, ɗaya ta bahago, gadon Nando ne. Yanzu yaran ofis suna zuwa da kwamfuta da kyamarori masu auna har yadda ƙwallo ke juyawa a iska. Ba na raina su, sun nuna mini abubuwan da idona bai kai ba. Sai dai na'ura, komai tsadarta, hannun da aka nuna mata take aunawa.

Lambar ma ba ita ce wahalar ba. Wahalar ita ce uba. Kowane uba da zai tare ni a bakin wayar da ta kewaye fili ya riga ya sayi gida a ransa da hannun ɗansa. Akwai wani da ya kawo mini yaro ɗan sha uku yana murɗa ƙwallo kamar babba, uban yana ta washe baki. Na lura yaron in ya sauko daga tudu yana tallafe gwiwar hannu da ɗayan hannun, a ɓoye. Na ce wa uban ya kai shi asibiti kafin ya kai shi ko'ina. Ya zage ni tas, ya ce baƙin ciki nake. Nando ya kafa mini doka ɗaya wadda ban taɓa takawa ba: kada ka yi wa uba ƙarya. Ka sha zagi yau, ya fi ka sa mutum ya zuba rayuwar ɗansa a rami.

To, a kan Nasiru nake so in tsaya, don shi ne aikin da har yau bai bar raina ba.

Nasiru ɗan Alhaji Isuhu ne, mutumin Tawa ta Nijar, mai tebur a kusa da titin Grand Concourse, yana sayar da huluna da gyale da rigunan waya. Kun san shi, mai babbar riga ko ana dusar ƙanƙara, hannu ɗaya kullum a aljihu. Yaron dogo ne, kafaɗa faffaɗa, ƙafafu kamar turmi. In ka gan shi yana tafiya zuwa tudu sai ka gyara zama. In ya fara jifa sai ka koma ka jingina. Ƙafafunsa ba laifi, yana da natsuwa, ko an make masa ƙwallo ba ya zubar da fuska. Amma hannun kamar na aro. Jiki zai tafi, hannu ya biyo baya yana jan ƙafa. Bindiga ta ba ni gudun mil saba'in da ɗoriya a awa, wanda a sakandare ba abin kunya ba ne, ba kuma abin da za a kira wani a waya a kai ba. Abu ɗaya ya ɗaure mini kai. In an maido masa da ƙwallo ya cafe da safar hagu, sai in ga kafaɗar hagun ta ɗan zabura kamar za ta yi wani abu, sannan ta fasa. Na ɗauka wata ɗabi'a ce kawai. Na gaya wa Alhaji gaskiya: yaro zai yi wasan makaranta lafiya, daga nan sai karatu. Ya ce Allah ya sa albarka, muka rabu.

Sai shekarar korona ta zo, shekarar da ba na fatan ko maƙiyina ya sake gani. Aka garƙame filaye, makarantu suka soke wasa. Waɗanda nake yi wa aiki suka ce in dakata sai sun neme ni. Nando, wanda ya riga ya tsufa tukuf, cutar ta ɗauke shi a gidan tsofaffi, ko gawarsa ban gani ba. Na koma tuƙi, ina kai abinci gida-gida. Ranar Asabar kuma masallacinmu yana raba kayan abinci ga tsofaffin da ba sa iya fita, ni da motata, Nasiru da wasu samari suna ɗauka suna saukewa.

Wata Asabar da hantsi muka je wa wata Hajiya da ke hawa na huɗu. Ba a shiga gida a lokacin, a bakin ƙofa ake ajiyewa. Ta leƙo ta taga tana ce mana lemo take marmari, kuma ba za ta iya jira jikanta ya dawo ya hau da kwali ba. Nasiru yana rungume da kwalin a hannun dama. Ina zaune a mota ina kallonsa ta madubi. Sai kawai ya zura hagu ya ɗauki lemo ɗaya, ya ɗan taka, ya wurga sama.

Ni dai na san na buɗe ƙofa na fito ban kashe mota ba. Lemon nan bai yi lilo ba, bai yi baka ba, miƙewa ya yi ɗoɗar kamar an ja zare, ya shige tagar ta gefen kunnen Hajiya. Ba nisan ne ya ba ni mamaki ba. Ƙafar ce, da ƙugun, da kafaɗar, da hannun, duk suka tafi tare kamar abu ɗaya, abin da nake shekaru ina koya wa yara ba sa samu. Kuma da kwali a ɗaya hannun.

Kafin in ce wani abu lemon ya dawo ƙasa ya fashe a kan kwalta. Hajiya ce ta jefo shi. Ta ce, “Kai ɗan gidan wa ne? Da hagu za ka ba ni abu? Ni sa'arka ce?” Yaron nan ya sunkuyar da kai, ya ɓoye hannun a bayansa kamar an kama shi da sata, yana ta ba ta haƙuri.

A mota na ce, “Nasiru, kai bahago ne?” Ya amsa mini da Turanci, kamar yadda kuke yi mana, ya ce da can ne, yanzu an gyara shi. Yana ƙarami, da aka kai shi Nijar wajen kakarsa, ta lura yana kai hagu kwano. Sai ta naɗe hannun da zane ta ɗaure masa a ciki, tun safe har dare, wata da watanni. Da ya dawo kuma uban ya ɗora da muciya a bayan hannu. Cokali, biro, gaisuwa, komai ya koma dama. Da ya shiga besbol aka saya masa safa irin ta kowa, shi ke nan. Ya roƙe ni kada in gaya wa babansa zancen lemo.

Ku da aka haifa a nan ba za ku gane nauyin abin ba, su kuma iyayenku ba za su gane ɗaya ɓangaren ba. A wajenmu hagu hannun tsarki ne, ba a ci da shi, ba a bayarwa, ba a karɓa. A besbol kuwa bahago gwal ne. Ba su da yawa, kuma ƙwallonsu tana fitowa ta inda masu kulki ba su saba gani ba. Yaron sakandare da ya kai mil casa'in da dama ana waiwayarsa. In bahago ne, har gida ake binsa. Ga shi a zaune kusa da ni, yana ba da haƙuri a kan abin da wasu iyaye a ƙasar nan suke ɗaure wa 'ya'yansu dama don su samu.

Washegari na kai shi wani bango a fak, wato filin shaƙatawa, irin wanda ake buga ƙwallon hannu, na zana masa akwati da alli, na ciro safar Nando ta bahago. Ya daɗe yana juya ta kafin ya sa a dama. Na ce ya yi a hankali. Ta farko ta wuce saman bango ta tafi. Ta biyu ta kusa kashe wata tantabara. Ta uku na ɗaga bindiga. Da na duba lambar sai na kashe na'urar na sake kunnawa, na ɗauka batir ne. Ya sake jefawa, lambar ta sake fitowa. Hannun da bai taɓa atisaye ba ko na rana ɗaya ya fi wanda aka shekara bakwai ana horarwa gudu, da tazara mai yawa. Na zauna a ƙasa, a kan siminti, da girmana. Nasiru ya ce, “Ankul, lafiya?” Na ce masa ba lafiya ba.

Ban yi ɓoye-ɓoye ba, na tafi teburin Alhaji kai tsaye. Muka gaisa, ya sa aka kawo mini shayi, na kwashe komai na gaya masa, ban da lemo. Yana saurare yana jera huluna da hannu ɗaya. Da na gama ya ce, “Malam Habu, ka san wahalad da munka sha kahin mu gyara yaron ga? Yanzu kai ka zo ka ce mu maishe shi baya?”

Na ce, “Alhaji, ba cin abinci zai yi da shi ba. Jifa ce.”

Ya ce, “Yau jihwa, gobe gaisuwa. Ranad da ya tahi gida ya miƙa ma kawunnai hagu, wa za a zaga? Kai ko ni?”

Na je wajen liman, liman ya ce babu zunubi a jifa da hagu, ya ma taka har tebur ya faɗa masa da bakinsa. Alhaji ya ce ya ji, ya gode, amma shi ba zancen zunubi yake ba, zancen tarbiyya yake. Na yi ta sintiri har masu tebur na kusa suka fara yi mini dariya. A ƙarshe ya ɗan sassauta. Ya ce, “Bon, shi ke nan. Ku yi wasanku ga bango, ku biyu, ban gani ba ban jiya ba. Amma gaban jama'a, da sunana rubuce bayan rigatai, in ya ɗaga hagu ban yahe ba.” A gaban yaron ya faɗa. Kun san abin da wannan kalma take nufi a bakin uba, ko ba ku sani ba ku tambayi iyayenku.

Haka muka yi sama da shekara. Bayan asuba muna bango kafin mutane su fito. Ban bar shi ya saki ƙarfi ba, don hannun da bai saba ba in ka matsa masa jijiya ce za ta tsinke. Roba muka fara ja, sai jifa ta kusa, sai ta nesa, a hankali a hankali har ya fara sa ƙwallo cikin akwatin alli yadda ya ga dama. Da aka buɗe filaye ya koma wasan makaranta da dama, yana ba da abin da ya saba bayarwa. Ni kuma ina zaune a bayan waya da bindiga, ina auna hannun da na san ba shi ne ba. Ba zan iya kai rahoton abin da ba wanda zai gani a fili ba. Wa zai yarda da ni? In ce ina da bahago mai casa'in, amma sai da asuba, kuma sai a bango? Abin ya ci mini rai ƙwarai.

Shekararsa ta ƙarshe a sakandare aka shirya ranar gwaji a wani fili a nan Bronx. Babban mutumin kulob zai zo da kansa, wanda in ya ce e an ɗauka, in ya ce a'a an gama. Irin wannan ba ya zuwa sau biyu saboda yaro ɗaya. Bayan ranar nan Nasiru zai gama makaranta, kuma ba wanda zai sake ɗaga masa bindiga. Na sa sunansa a cikin waɗanda za a gwada. Na koma wajen Alhaji sau ɗaya tak na ce rana ta zo. Ya ce maganarsa tana nan. Na tambayi Nasiru me zai yi. Ya ce, “Ankul, babana ne.” Ban matsa masa ba, don ni ma da haka aka rene ni.

Ranar, abin mamaki, sai ga Alhaji. Mutumin da ko ranar Sallah sai ya buɗe tebur da yamma, ya rufe ya zo, da shadda sabuwa da abokansa biyu. Suka tsaya a bakin waya. Mutumin kulob dogo ne, fari, yana tauna cingam, ba ya kallon kowa. Yara suka yi ta hawa suna sauka. Aka kira Nasiru. Ya hau tudu da tsohuwar safarsa, ya jefa da dama, ya ba da iya ƙarfinsa, har na ji tausayinsa. Luf. Luf. Mutumin ya kalli kaɗan, ya sauke bindiga, ya ce an gode. Nasiru ne na ƙarshe. Mutumin ya zuge jakarsa, ya sha hannu da kociyoyi, ya nufi inda ya ajiye mota.

Alhaji ya matso yana murmushi. “Malam Habu, mi ya ce?”

Na ce, “Bai ce komai ba, Alhaji. In ba su ce komai ba, an gama.”

“An gama kamar ƙaƙa?”

“Nasiru ya buga besbol ɗinsa na ƙarshe. Da wannan hannun ba inda za shi. Na gaya maka tun farko, yau ma ba zan canza maka ba.”

Ya juya ya kalli ɗansa. Yaron bai yi kuka ba, bai yi fushi ba. Yana tsaye a kan tudu yana share ƙasa da takalmi yana gyara ramin da ƙafarsa ta yi, kamar yadda na koya masa, don wanda zai hau bayansa. Alhaji ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Abin hannun nan na bahago, shina nan?”

Na ce yana jakata.

Ya karɓa, ya tura ƙofar waya ya shiga fili da babbar riga, kociyoyi suna ce masa ba a shiga, ko waiwaye bai yi ba. Ya je har tudu. Ya cire wa yaron tsohuwar safa, ya sa masa ta Nando. Sai ya sunkuya zai ɗauki ƙwallo, kuma a nan ne na ga ya fito da hannun da ke aljihu. Na yi shekara da shekaru ina shan shayi a teburin mutumin nan ban taɓa ganin hagunsa a fili ba. Yatsu biyu a karkace suke, sun warke a lanƙwashe, irin na wanda aka daka tun yana yaro. Da wannan hannun ya ɗauki ƙwallon, ya yi mata tofi, ya miƙa wa ɗansa. Alhaji Isuhu, a gaban abokansa 'yan garinsu, ya miƙa abu da hagu. Ɗaya daga cikinsu ya kama baki.

Ya ce, “Na janye. Jehwa.”

Na yi wa mai cafewa alama ya koma ya tsuguna. Ku tuna, ni kaina ban taɓa jin hagun Nasiru a cikin safa ba, sai a bango. Ya ɗaga ƙafa, ya tafi.

Tas.

Mai cafewa ya cire safa yana yarfe hannu. Can bakin titi mutumin kulob ya riga ya buɗe ƙofar mota, ƙafa ɗaya a ciki. Na ga ya tsaya. Bayansa ga fili, bai ga komai ba, ji kawai ya yi. Nasiru ya sake. Mutumin ya fito da ƙafar, ya rufe ƙofa, ya dawo yana zuge jaka tun daga hanya. Ya tsaya kusa da ni ya ɗaga bindiga, ya duba lamba, ya dube ni, ya tofar da cingam. Ya ce, “Wannan ba yaron ɗazu ba ne?” Na ce shi ne. Ya ce, “A ina kuka ɓoye wannan?” Na ce labarin da tsawo.

Ya sa shi ya yi ta jifa, ya koma gefe ya kalla, ya koma baya ya kalla. Da ya gama ya kira mu, ya yi magana a fili, ni ina fassara wa Alhaji. Ya ce hannu na gaske ne, ba shakka. Amma hannun bai taɓa fuskantar mai kulki ko ɗaya ba, bai san wasa ba, kulob ba zai ɗauke shi yau ba. Zai kira wani koci a wata kwaleji ta shekara biyu ya ba shi gurbi, daga nan a gani. Sai ya ƙara da cewa da tun yana ɗan shekara goma aka bar shi da wannan hannun, da yau wata maganar ake yi, ba wannan ba.

Wannan kam ban fassara ba. Alhaji ya ce, “Na ƙarshen ga, mi ya ce?” Na fassara masa duka, ban rage ba.

Nasiru yana can kwalejin yanzu, yana jifa da hagu, yana cin abinci da dama. Ko zai kai babban mataki, ban sani ba. Wanda duk ya ce muku ya sani, maƙaryaci ne. An buɗe masa ƙofa, amma a makare, kuma shi ma ya san haka.

Ranar dai, bayan kowa ya watse, ina naɗe kujera, sai na ga Alhaji bai tafi ba. Ya sallami abokansa, ya tura Nasiru ya sayo ruwa. Ya zo ya tsaya kusa da ni da ƙwallo a hannu. Ya ce, “Malam Habu, ɗaga abin nan naka. Auna ni.”

Na ɗauka wasa yake, sai na ga fuskarsa. Ya naɗe hannun riga a kafaɗa, ya hau tudu da takalmin fata. Mutumin da bai taɓa riƙe ƙwallon besbol ba sai ranar. Ya kama ta da karkatattun yatsun nan, ya taka, ya jefa wa ragar da ke bayan wurin mai cafewa. Lambar ba abin faɗa ba ce, ta dattijo ce mai shekara sittin. Amma ni ba lamba nake kallo ba, ƙafa nake kallo, kamar yadda aka koya mini. Ta baya ta dasu, ta gaba ta sauka daidai, ƙugu ya buɗe a kan lokaci, hannu ya biyo shi sumul. Komai na Nasiru a nan yake, ba wanda ya koya masa.

Ya sauko yana haki. Ya ce, “Kai ba ka yi ma uba ƙarya, haka anka ce mini. Ni, da an bar ni, da na yi?”

Na ce, “Alhaji, da ka yi.”

Ya gyaɗa kai. Ya dubi hannun, gaba da baya, kamar na wani. Sannan ya sauke hannun riga, ya mayar da shi aljihu, ya ce bari ya je ya buɗe tebur, rana ta yi.